Maƙesu da Taɓon Bakin Kogi

Daga cikin ƙananan halittun da Allah Maɗaukaki ya sanya aya a jikinsu, da wuya a sami wanda ya kai maƙesu ban al'ajabi, ƙwaron da yake yawo da wuta a ƙarshen cikinsa tsawon dare ba tare da ta ƙone shi ko ganyen da ya sauka a kai ba. Masana sun tabbatar cewa hasken nan yana fitowa ne idan wani sinadari da ke jikinsa ya gamu da iskar da yake shaƙa, kuma kusan babu zafi a cikinsa. Irinsa ya haura 2,000 a duniya, da yawa daga cikinsu kowane da salon ƙiftawarsa, domin da ita namiji yake neman aure, da ita kuma mace take amsawa.

Mutane ba su rasa abin faɗi a kansa ba. A wasu sassan Indonesiya ana tsoratar da yara cewa faratan matattu ne suke yawo, wanda camfi ne tsagwaronsa. Hikayar da ta fi kama zuciyata ita ce ta ƙasar Sin, ta wani ɗalibi mai suna Che Yin a ƙarni na 4, wanda talauci ya hana shi man fitila, sai ya riƙa tara maƙesu a jaka yana muɗala'a da haskensu har ya zama babban malami. Duk wanda ya taɓa ɗaukar karatu a gefen wutar kara ya san abin da wannan ɗalibi ya ɗanɗana.

Amma inda lamarin ya kai matuƙa shi ne ƙauyen Kampung Kuantan, a gaɓar kogin Selangor na Malesiya, inda ruwan daɗi yake cuɗanya da na teku. A can dubban maƙesu suke taruwa bayan magariba a kan itatuwan da ake kira berembang, mazan suna kunnawa tare suna kashewa tare kamar masu bin liman, baƙi kuwa suna kallo daga kwalekwalen da mutanen ƙauyen suke tuƙawa, suna samun abin kai wa iyali.

To, a nan mai kallo yake ruɗuwa, domin abin da ya gani a kan itace makonni kaɗan ne na ƙarshen rayuwar ƙwaron. Mafi yawan kwanakinsa tsutsa ce a cikin danshin ƙasar bayan gaɓa, a nan aka saka ƙwansa, a nan yake farautar ƙananan dodon koɗi wata da watanni. Saboda haka da aka riƙa sare dajin gaɓa ana dasa kwakwar manja, ana haƙa tafkunan jatan lande, ana kafa fitilun lantarki masu dusashe kiran namiji ga mace, sai adadinsu ya yi ta raguwa alhali wasu itatuwan suna nan tsaye. Ruwa dai ba ya tsami banza. Hukumar jihar Selangor ta keɓe wani yanki na gaɓar a 2009, masana kuma suka taru a Selangor a 2010 suka fitar da kiran a kiyaye mazauninsa, kuma a ganina sun dace, don ba a tsare maƙesu sai an tsare taɓo da duhu.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da maƙesu a fadamunmu da damina, kuma Alƙur'ani ya sanar da mu a Suratul An'am cewa waɗannan halittu al'ummu ne irinmu. Ina roƙon manomin fadama ya bar ciyawar bakin rafi ba feshi, ya kuma kashe fitilar da ba ya bukata.