Matuƙin jirgin sama a ƙasar baƙunci

A ƙasar Hausa babu wanda bai san ɗan ci rani ba. In an gama girbi, an zuba hatsi cikin rumbu, sai samarin Adar da na Gobir da na Damagaram su ɗauki jaka su kama hanya. Waɗansu su nufi Kano ko Legas, waɗansu Abijan, waɗansu Libiya. Suna tafiya ne domin aikin da babu a gida akwai shi can.

Akwai wani ɗan ci rani da ba a faye tunawa da shi ba, domin bai yi kama da sauran ba. Yana sanye da farar riga, da hula mai baki, da alamu masu ruwan zinariya a kafaɗa. Shi ne matuƙin jirgin sama wanda ya bar ƙasarsa, ya je yana yi wa kamfanin wata ƙasa aiki. Albashinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Amma shi ma baƙo ne, kuma abin da ke samun baƙo yana samunsa.

Mi ya sa a ke neman baƙi?

Dubai birni ne a bakin teku, cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A shekarar 1985 sarakunan birnin suka kafa kamfanin jiragen sama mai suna Emirates. Jirage biyu suka fara da su, kuma hayarsu suka yi daga Pakistan, tare da matuƙansu. Ran 25 ga Oktoba na shekarar jirgin farko ya tashi zuwa Karaci. A shekarar 2024 jiragen kamfanin sun wuce 250, matuƙansa sun wuce 4000, kuma sun fito daga ƙasashe fiye da 100.

Dalili ba shi da wuyar ganewa. Ƴan ƙasar ba su da yawa: cikin mutum 10 da ke zaune a Daular, kusan 9 baƙi ne. Mai kuɗi yana iya sayen jirgi 20 a zama guda. Matuƙi kuwa ba a sayensa a kasuwa, sai an rene shi shekara da shekaru.

Cikin babban jirgin fasinja matuƙa biyu ne ke zaune a gaba. Na hagu shi ne kwamanda, mai alama 4 a kafaɗa. Na dama mataimakinsa ne. Kafin a ba mutum babbar takardar tuƙi, wadda ke ba shi damar zama kwamanda, sai ya yi awa 1500 yana tuƙi. A Turai kuma doka ta hana matuƙi ya wuce awa 900 na tuƙi cikin shekara guda, don kada gajiya ta yi masa yawa. Manyan kamfanoni ma ba su tsayawa ga 1500 ɗin. Sai mutum ya tara awoyi dubbai kafin su ɗora shi kan kujerar hagu. Kamfanin da ke gaggawa ba ya iya jiran yaransa su girma. Sai ya aika cigiya ƙasashen da ke da gwanaye: Ingila, Ostareliya, Afirka ta Kudu, Barazil, Indiya da sauransu.

Sama guda, doka guda

Malamin makaranta ko alƙali, in ya sake ƙasa, sau da yawa sai ya sake koyon aikinsa. Matuƙi ya fi su sauƙi. A watan Disamba na 1944 wakilan ƙasashe suka taru a birnin Cikago na Amurka, suka sa hannu kan wata yarjejeniya. Daga cikinta aka sami ƙungiyar duniya mai tsara zirga-zirgar jiragen sama, wadda mazauninta ke Monreyal, a Kanada. Da Faransanci ana ce mata OACI. Ita ce ke shirya ƙa'idodin da kusan dukan ƙasashe ke bi, har da Nijar.

Saboda haka ana iya haɗa mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, a ce su kai fasinja 500 wata nahiya. A babban kamfani haka ya kan faru kusan kullum. Kwamanda ɗan Barazil ne, mataimaki ɗan Kenya. Sun gaisa awa ɗaya da rabi kafin tashi. Ba su san halin juna ba, amma kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai faɗa da abin da zai taɓa. Ɗaya yana karanta jerin abubuwan dubawa, ɗaya yana amsawa, kalma bayan kalma. Ba a yarda kowa ya dogara ga haddarsa ba, komi daɗewarsa cikin aikin.

Agogonsu ma ɗaya ne. Duk matuƙan duniya suna aiki da agogon Girinic. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Maraɗi, a Dubai ƙarfe 3 ne na la'asar, amma a takardun matuƙi ƙarfe 11 ne, ko'ina ya ke.

Harshen aikin shi ne Ingilishi. Ba don ya fi sauran harsuna ba, a'a, sai don shi aka yarda a haɗu a kansa. Har baƙaƙe suna da sunayensu, don kada ƙarar rediyo ta sa a rikita su: A shi ne Alfa, B shi ne Bravo, N kuwa November.

Wannan magana ta harshe ba wasa ba ce. Ran 12 ga Nuwamba 1996, kusa da birnin Delhi na Indiya, wani babban jirgin Saudiyya ya tashi. Da yawa cikin fasinjojinsa ma'aikata ne masu tafiya neman abinci a ƙasar Larabawa. A lokacin wani jirgin Kazakistan yana shirin sauka. Mai ba da umurni daga ƙasa ya ce masa ya tsaya a tsayin ƙafa 15 000, domin ɗayan yana ƙarƙashinsa, a ƙafa 14 000. Jirgin Kazakistan ya ci gaba da yin ƙasa. Suka yi karo a sama, mutum 349 suka mutu, ba wanda ya tsira. Masu bincike sun gano cewa ƙarancin Ingilishi na matuƙan Kazakistan yana cikin abin da ya jawo hatsarin. Irin wannan ya sa aka ƙara tsananta doka. Tun daga 2008 ana yi wa matuƙan da ke ƙetare iyakoki jarrabawar Ingilishi mai mataki 6. Wanda bai kai mataki na 4 ba, ba ya tuƙi zuwa waje.

Takardu da jarrabawa

Kowane jirgi yana da ƙasarsa, kamar mutum. An rubuta ta a jikinsa, kusa da wutsiya. In an ga 5U, jirgin Nijar ne. In F ne, na Faransa. In A6 ne, na Daular Larabawa. Yarjejeniyar Cikago ta ce ƙasar jirgi ita ce ke ba matuƙinsa takardar tuƙi, ko kuma ta amince da wadda ya zo da ita. To, baƙo ko ya shekara 20 yana tuƙi, in ya iso sai ya miƙa takardunsa, ya zauna ya yi jarrabawar dokokin ƙasar. Bayan haka kowane irin jirgi yana da nasa karatu. Wanda ya ƙware kan Boeing 777 ba ya hawa Airbus A380 ya tashi da shi. Sai ya koma aji na makonni.

Jarrabawa kuma ba ta ƙarewa. Kamar duk wata 6 ana shigar da matuƙi cikin wani ɗaki mai motsi, wanda aka ƙera daidai da gaban jirgi. Nan ne a ke kashe masa inji, a tada masa gobara ko hadari, a ga yadda zai yi. Likita yana duba shi duk shekara: ido, kunne, zuciya, jini. In ya kai shekara 60, sai a riƙa duba shi duk wata 6. In ya cika 65, ya bar kai fasinja daga ƙasa zuwa ƙasa ke nan. Ciwo guda yana iya raba shi da aikin tun kafin lokacin.

Daɗin aikin da wuyarsa

Daɗin ba ya ɓuya. A Dubai ba a cire haraji cikin albashi. Kamfani ya kan ba da gida ko kuɗin haya, ya taimaka da kuɗin makarantar yara da na asibiti. Saurayin da zai daɗe yana jiran babban jirgi a ƙasarsa, can yana iya samunsa da wuri.

Wuyar kuwa jiki ne ke fara saninta. Daga Dubai zuwa Okland, a Niyu Zilan, tafiyar ta wuce kilomita 14 000, kuma ana yin kusan awa 16 ba sauka. Matuƙa 4 a ke sawa. Biyu suna tuƙi, biyu suna kwance cikin wani ɗan ɗaki, sa'an nan su sauya. In sun isa, agogon garin ya riga na Dubai da awa 8 ko 9. Rana ta fito, jiki yana neman barci. Dare ya yi, ido ya ƙi rufuwa. Kafin jiki ya saba, lokacin komawa ya yi. Jirage da yawa kuma cikin tsakar dare su ke tashi daga Dubai. Mai wannan aiki ya kan rasa suna da biki da jana'iza. Waɗansu sun bar iyalinsu a gida, sai an tara kwanakin hutu su je su gan su.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. A kamfanonin jirage da yawa, musamman a Amurka da Turai, daɗewa ita ce girma. Sunan kowane matuƙi yana cikin jeri, bisa ga ranar da aka ɗauke shi. Na sama su ke fara zaɓen jirgi da ranakun hutu. In aka zo rage ma'aikata, daga ƙasa a ke farawa. Wanda ya tafi waje ya bar wurinsa cikin jerin. In ya komo bayan shekara 10, sau da yawa daga ƙarshen layi zai fara, ko da furfura a kansa. Shi ya sa tafiyar ba ta da saurin komowa.

A can kuma takardar zamansa tana ɗaure da aikinsa, takardun matarsa da ƴaƴansa suna ɗaure da tasa. A Daular Larabawa doka ba ta yarda da sandika ko yajin aiki ba. In abu ya ɓaci, ba shi da taron ƴan'uwa da zai tsaya masa. Zaman shekaru kuma ba ya mai da shi ɗan ƙasa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne.

An ga haka a 2020. Annobar korona ta sa ƙasashe suka rufe iyakokinsu, jirage suka yi layi a ƙasa. Cikin shekara guda ma'aikatan Emirates da rassansa suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Matuƙa masu yawa suna cikinsu. Wanda aikinsa ya tafi, gida da makarantar yara da takardar zama duk sun bi shi. Ga kuma wata doka: matuƙin da bai tashi ya sauka sau 3 cikin kwana 90 ba, ba ya ɗaukar fasinja sai an sake gwada shi. Da zirga-zirga ta farfaɗo, kamfanoni suka koma cigiya. Waɗansu suka amsa kira. Waɗansu kuwa sun riga sun kama wata sana'a.

A nahiyar Afirka

Afirka ta ga abin ta fuska biyu. A 1961, a birnin Yawunde, ƙasashe 11 suka kafa kamfanin Air Afrique, Nijar tana cikinsu. Mazauninsa yana Abijan. Da farko Faransawa ne ke tuƙa jiragensa: su ne baƙin a lokacin. Sannu a hankali ƴan Afirka suka koya, suka hau kujerar hagu. A 2002 bashi ya durƙusar da kamfanin, aka rufe shi. Gwanayen da aka sha wuya wajen renonsu suka rasa jirgi, ya zama dole su nemi aiki a wani wuri.

Habasha ta bi wata hanya. Kamfaninta ya fara aiki a 1946, da taimakon wani kamfanin Amurka mai suna TWA. Matuƙa da shugabanni Amurkawa ne. Amma Habashawa ba su zuba musu ido kawai ba, sun zauna kusa da su suna koyo. A 1957 Alemayehu Abebe ya zama kwamanda na farko ɗan ƙasar. A 1964 aka buɗe makarantar koyon tuƙi a Adis Ababa, wadda ta koyar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. A 1971 aka naɗa Bahabashe shugaban kamfanin. A 2010 Amsale Gualu ta zama mace ta farko da ta kai matsayin kwamanda a can, kuma a 2015 wani jirginsu ya tashi daga Adis Ababa zuwa Bankok, ma'aikatansa duka mata. Dubai ma ta buɗe tata makarantar tuƙi a 2017.

A Yamai akwai makarantar EAMAC, wadda ke aiki tun 1963. Ba matuƙa ta ke koyarwa ba. Tana koyar da masu ba jirage umurni daga ƙasa, da masu duba yanayi, da masu gyaran na'urori. Jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka da yawa ta saman Nijar su ke bi, galibi da dare. In kwamanda ɗan Ostareliya ko ɗan Barazil ya shigo sararin ƙasar, sai ya kira Yamai ta rediyo, ya faɗi sunan jirginsa da tsayin da ya ke, ya saurari abin da za a ce masa.