Kaduna: Me ya sa masu juna biyu ke ɗinka wa kansu tufafi a gida?

A unguwannin Kaduna da ke arewacin kogi, kamar Kawo da Badarawa da Unguwar Rimi da Tudun Wada da Rigasa, ba baƙon abu ba ne a ji ƙarar keken ɗinki na tashi daga cikin gidan aure. Daga cikin abubuwan da matan kan ɗinka akwai wani nau'in tufafi da ba kasafai ake samunsa a rataye a kanti ba, wato rigar da mace za ta sa tana da juna biyu, ta kuma ci gaba da sa ta har ta yaye abin da ta haifa.

Idan aka haɗa watanni tara na ciki da shekara biyu na shayarwa, za a ga cewa haihuwa ɗaya kan ɗauki kusan shekara uku jikin mace na sauyawa. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa a yankin arewa maso yamma, inda jihar Kaduna take, matsakaicin adadin haihuwar mace ya kai 6.6. Wannan na nufin mata da dama kan shafe shekaru masu yawa ko dai da ciki ko da goyo, alhali mafi yawan ɗinkin da ake yayi an tsara shi ne domin jikin da ba ya sauyawa.

Daga zani zuwa ɗinkin yayi

A da can wannan ba matsala ba ce a ƙasar Hausa. Zani ba shi da awo, mai shi ce ke sassauta ɗaurinsa ko ta tsuke gwargwadon yadda ciki ya girma. Buba kuwa tana da faɗi, kuma a ɗage ta domin ba jariri nono ba wani aiki ba ne. Zanin da aka yi rainon ciki da shi, da shi ake goyo.

Sauyin ya zo ne da yayin riga da siket da doguwar riga mai kama jiki, waɗanda ake yi wa shafi, a ɗaure ƙugu, a sa zif a baya. Irin wannan ɗinki ne kan cika akwatunan lefe, kuma shi ne kan fara ƙin shiga tun ciki bai yi nisa ba. Sai amarya ta wayi gari da tufafi masu tsada jibge a akwati, amma babu wanda za ta iya sawa ta je awo.

Turawa ma sun sha fama da irin wannan. A birnin New York na Amurka, a 1904 ne wata tela mai suna Lena Bryant ta buɗe shagon da ya yi suna wajen ɗinka rigar masu ciki mai roba a ƙugu, kuma sai a 1911 wata jarida a birnin ta amince ta buga tallar rigar, saboda a lokacin ana ganin maganar ciki ba ta dace da bainar jama'a ba.

Kunya da tsadar rayuwa

Dalilai biyu ne suka fi tura mata ga keken ɗinki.

Na farko shi ne kunya. A al'adar Bahaushe ba a shelar ciki, musamman na fari, mace kan ɓoye shi har sai ya bayyana da kansa. Kai ɗinki wurin tela kuwa na nufin a yi awo ko a yi bayani, kuma da yawa daga cikin telolin kasuwa maza ne. Ba kowace mace ce za ta iya buɗe baki ta ce wa namijin da ba muharraminta ba ya ƙara mata faɗin ƙirji, ko ya bar mata wurin fito da nono. Wasu kan aika da tsohuwar riga a matsayin awo, sai ɗinkin ya dawo daidai da jikin da suke da shi kafin ciki.

Na biyu shi ne kuɗi. Kaduna gari ne da ya taɓa zama cibiyar masaƙu a Najeriya. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, a tsallaken kogi, a 1957 zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wasu kuma irin su UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. KTL ta rufe a 2002, sauran ma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Tun daga lokacin, kaso mai yawa na atamfar da ake sayarwa a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke tsakiyar gari daga waje ake shigo da ita, musamman daga ƙasar Sin, galibi ta hannun 'yan kasuwar Kantin Kwari ta Kano. Don haka farashin yadi na bin darajar Naira ne sau da ƙafa.

Bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar Naira a tsakiyar 2023, dalar da ake canzawa a hukumance kan kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a 2024, kuma a watan Disambar shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Yadi da zare da zif da ladan ɗinki duk sun tashi. Kafin nan ma, rushe Kasuwar Barci da gwamnatin jihar ta yi a 2020 domin sake gina ta ya tarwatsa ɗimbin teloli da 'yan gwanjo da talakawan gari suka dogara da su.

Ga magidancin da ke jiran hidimar asibiti da ragon suna da kayan fitar suna, ɗinka wa mai ciki sababbin kaya sau biyu ko uku ba ƙaramin nauyi ba ne. Ga kuma alkawarin tela, wanda idan ya zo daidai da ɗinkin Sallah, mai ciki na iya haihuwa kayanta ba su fito ba.

Tun ran gini, ran zane

Babban kuskuren masu koyo shi ne yanka riga daidai da jikin ranar da aka yi awo. Likitoci na ƙiyasta cewa mace mai matsakaicin jiki kan ƙara nauyin kilo 11 da rabi zuwa 16 a tsawon ciki, kuma daga mako na 24 zuwa na 36 tsawon mahaifa kan ƙaru da kimanin santimita ɗaya a kowane mako. Saboda haka rigar da aka ɗinka a wata na huɗu, da wata na tara ya kamata a yi mata lissafi.

Ɗinkin da ya fi sauƙi shi ne doguwar riga mai gida biyu. Gidan sama kan tsaya ne a ƙarƙashin ƙirji, a inda jiki bai cika buɗewa sosai ba. Daga nan sai a haɗa shi da gidan ƙasa wanda aka yi wa tattara, faɗinsa ya ninka awon ƙarƙashin ƙirji sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Tattarar ce ke ba ciki wurin zama. Idan aka zura zariya ko roba mai laushi a mahaɗar, ana iya sassautawa ko a tsuke kamar yadda ake yi wa zani.

Akwai ƙananan dabaru uku da ke bambanta rigar mai ciki da rigar da aka yi wa faɗi kawai. Na ɗaya, gaban riga ya fi bayanta tsawo da inci biyu zuwa uku, domin ciki kan ɗage gaban ya bar ƙafa a waje. Na biyu, a bar rarar yadi ta kimanin inci biyu a cikin kowane gefe, ta yadda za a iya farkewa a ƙara faɗi, ko a rage bayan arba'in. Na uku, hammata da ƙirji su kasance da sarari, domin nono kan ƙara girma a lokacin ciki, ya kuma sake cika idan ruwan nono ya zo 'yan kwanaki bayan haihuwa.

Kimanin yadi huɗu kan isa wannan riga, don haka turmin atamfa mai yadi shida zai bar rarar ɗankwali da 'yan ƙyallaye. Wadda aka yi wa tiyata wajen haihuwa kuwa, irin wannan riga ta fi mata siket, domin babu roba ko ɗaurin da zai zauna a kan ɗinkin mararta.

Ƙofar shayarwa

A nan ne ɗinkin gida ya fi nuna amfaninsa. Jariri sabon haihuwa kan sha nono sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da rana. Uwar da ta sa doguwar riga mai zif a baya, ba ta da zaɓi illa ta tattaro rigar tun daga ƙafa, ko ta tuɓe ta. A ɗakinta wannan ba komai ba ne, amma a layin rigakafi a asibitin Yusuf Ɗantsoho, ko a cikin Keke Napep, ko a gidan biki, ko a makarantar Islamiyya, abu ne da mace mai kiyaye suturarta ba za ta yi ba. Sai a yi ta jijjiga yaro yana kuka, ko a ɗura masa ruwa ya yi shiru.

Hanyoyi uku aka fi bi wajen buɗe wa riga ƙofa. Mafi sauƙi ita ce a tsaga gaban riga daga wuya zuwa saman cibiya, a sa zif ko maɓallai. Ta biyu ita ce a sa gajerun zif guda biyu a tsaye, ɗaya a kowane ɓangaren ƙirji, a ɓoye su a ƙarƙashin ninkin yadi ta yadda mai kallo zai ɗauka ado ne. Ta uku, wadda ta fi rufe jiki, ita ce a yi gidan sama ruɓi biyu. Na ciki yana da tsaga a kowane ɓangare, na waje kuma yana saukowa kamar 'yar shara ya rufe su. Uwa za ta ɗage na waje kaɗan a ƙarƙashin hijabi ko mayafi, cikinta da bayanta na rufe.

Dole a yi la'akari da jaririn ma. Haƙoran zif na ƙarfe na iya karce masa kumatu, don haka akan ɗinka ƙyalle a bayan zif ɗin. Duwatsun ado da ƙananan maɓallai kan ɓalle, yaron da ya fara kai hannu baki na iya haɗiye su. Zif ko ado a bayan riga kuwa, a kansa fuskar yaro ke kwanciya idan an goya shi. Haka kuma ma'aikatan lafiya na gargaɗin cewa riga ko rigar nono mai matse ƙirji na iya taimakawa wajen toshe hanyoyin ruwan nono, abin da kan kai ga kumburi da zazzaɓi.

Zaɓen yadi

A zafin watannin Maris da Afrilu a Kaduna, yadin auduga ya fi dacewa, domin yana shan gumi yana kuma barin iska ta ratsa. Yadi mai santsi na roba yana riƙe zafi, yana janyo ƙuraje, kuma idan wuta ta kama shi narkewa yake yi ya manne a fata, abin lura ga mai girki da gawayi ko gas da riga mai faɗin hannu. A lokacin hunturu kuwa, ƙara riga a sama ya fi a yi wa ta ciki shafi mai kauri.

Masu ɗinki kan wanke atamfa kafin su yanka, domin sitacinta ya fita, wadda za ta tsuke ta tsuke, mai zuba kuma ta zuba tun ba ta taɓa fatar jariri ba. Atamfa mai yawan zane ta fi yadi mai launi ɗaya ɓoye tabon ruwan nono. Ragowar ƙyallayen auduga ma ba a zubar da su, akan ninka su a ɗinke a riƙa sawa a cikin rigar nono domin tsane abin da ke zuba, a wanke a shanya a rana.

Kayan aikin ba su da yawa: keke da almakashi da tef ɗin awo da alli. Tsohon keken ƙafa irin Singer ko Butterfly ba ya jiran wutar lantarki. Sai dai ana shawartar mai ciki da kada ta daɗe a zaune, ta riƙa miƙewa tana takawa saboda kumburin ƙafa da ciwon baya, ta kuma gama ɗinkinta kafin watan haihuwa ya kama.

Iyakar abin da riga za ta iya

Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF na ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa, a ba shi nono zalla ba tare da ko ruwa ba har wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Alƙur'ani ma ya ambaci shekara biyu cikakku a aya ta 233 ta Suratul Baƙara. Amma binciken 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla.

Ba tufafi ne babban dalilin hakan ba. Imanin cewa jariri na jin ƙishirwa a ƙasa mai zafi, da matsin lambar iyaye da surukai, da komawa aiki da wuri, duk sun fi shi nauyi. Matsalar komawa aiki ce ma ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta amince da hutun haihuwa na wata shida ga ma'aikatanta mata a 2019. Amma 'yar kasuwa da ɗaliba da malamar makaranta mai zaman kanta ba su cikin wannan tsari, da jariransu suke fita.

Kuma ba kowace mace ce ke da keke ko sukunin zama a kansa ba. Ga irin waɗannan, mafitar ita ce teloli mata na cikin unguwa, waɗanda za a iya yi wa bayani ba tare da jin nauyi ba, ko kuma a ɗauko rigunan lefen da suka matse a farke gefensu, a ƙara ƙyalle, a mayar da zif ɗin baya zuwa gaba. Gyara ne da bai wuce aikin yini guda ba, amma yana iya raba uwa da zaɓi tsakanin rufe jikinta da ƙosar da ɗanta.