Buhun gero a sefa 25? Matsalolin Python da ɗalibi zai tarar a bakin iyakar Kamba

Kamba, hedkwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi, gari ne da ƙasashe uku suka kusa haɗa kafaɗa. Daga nan ana shiga Gaya a jihar Dosso ta Nijar, a tsallaken kogin Neja daga Gaya kuma ga Malanbil ta Jamhuriyar Benin. Can kudu a ƙaramar hukumar Bagudo, hanyar Tsamiya ce ke fita zuwa Ségbana, ita ma a Benin. An rufe iyakokin Najeriya na tudu a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022, aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Duk ɗalibin da ke son ya auna abin da wannan rufe-buɗe ya yi wa farashin gero ko shinkafa, dole ya haɗa alƙaluman naira da na sefa, na masu Ingilishi da na masu Faransanci, a tebur guda.

Da yawa cikin masu irin wannan bincike yanzu da Python suke aiki, wato harshen ba kwamfuta umarni da Guido van Rossum ya fitar a 1991. Kyauta ne, ga sauƙin koyo. To amma ranar farko da mutum ya zauna da shi, jan rubutu ne ke cika masa allo, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Mafi yawan waɗannan matsaloli asalinsu ɗaya ne: kwamfuta ta yi zaton wani abu, abin da ke gabanta kuma daban. Aikinka shi ne ka gano zaton nan, ka faɗa mata gaskiyar lamarin.

Fara karatu daga ƙasa

Idan Python ya tsaya, yakan zubo layuka masu yawa da suka fara da kalmar `Traceback`. Kada ka tsorata da tsawonsu. Layin ƙarshe shi ne ke ɗauke da sunan matsalar da dalilinta. Daga nan ka hau sama a hankali har ka ga sunan fayil ɗinka da lambar layin da aka tsaya. Sauran layukan tsakiya hanyar da shirin ya bi ne cikin kayan da wasu suka rubuta, ba kasafai laifin ke can ba. Kukan kurciya jawabi ne, in ji Bahaushe, haka shi ma jan rubutun nan.

Na girka, amma ya ce babu

Ka buɗe tagar umarni a Windows, ka rubuta `python`, sai ta ce `'python' is not recognized`. Ma'ana Windows ba ta san foldar da aka ajiye shi ba. Tana da jerin wuraren da take dubawa idan an kira sunan manhaja, ana ce masa PATH. A shafin farko na girka Python akwai wani ɗan akwati a ƙasa da ke sa shi cikin jerin, mutane da yawa kan wuce shi da sauri. Ka sake girkawa ka danna akwatin, sannan ka rufe tagar ka buɗe sabuwa.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce `ModuleNotFoundError: No module named 'pandas'`, alhali jiya-jiyan nan ka sauke pandas da datarka. Galibi Python biyu ko uku ne a kwamfutar: ɗaya ya zo da Anaconda, ɗaya ka sauke da kanka. Ka kai kaya gidan wannan, kana nema a gidan wancan. Maimakon `pip install pandas`, ka rubuta `python -m pip install pandas`, don kayan su shiga hannun Python ɗin da kake kira. In a Jupyter kake, `%pip install pandas` zai yi maka hakan. Kana son sanin wanne ke aiki yanzu? Rubuta `import sys`, sai `print(sys.executable)`, zai nuna maka adireshinsa.

Sannan ka kula da sunan da kake ba fayil ɗinka. In ka sa masa `pandas.py` ko `random.py`, Python zai ɗauko naka a madadin na ainihi, ya shiga kawo ƙorafin da ba ka gane kansa. Canza suna kawai, magana ta ƙare.

Sabis, agogo da tsohuwar kwamfuta

Shi pip daƙiƙa 15 yake jira idan layi ya yi shiru, sannan ya sake gwadawa har sau 5 kafin ya haƙura. A inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sai ka ga `Read timed out`. Kana iya ƙara masa haƙuri: `python -m pip install --timeout 120 --retries 10 pandas`.

Akwai dabarar da ta fi wannan ga wanda zai yi aiki a ƙauye. Ranar da ka shiga Birnin Kebbi ko wani wuri mai sabis mai ƙarfi, ka rubuta `python -m pip download pandas -d kaya`. Zai tara pandas da duk abin da ya dogara da shi a folda mai suna kaya. Ka kwafe ta a filashi. Duk inda ka je, ko babu intanet, `python -m pip install --no-index --find-links kaya pandas` zai girka maka. Mutum ɗaya ya sayi data, aji guda ya amfana. Sharaɗin dai kwamfutocin su zama iri ɗaya: in Windows ce ta sauke, Windows za ta karɓa, kuma lambar Python ɗinsu ta zo daidai.

Idan kuwa `CERTIFICATE_VERIFY_FAILED` ka gani, kafin komai duba kwanan wata a kusurwar allo. Kwamfutoci na hannu da muke saye suna da ƙaramin batir a ciki mai riƙe agogo. In ya mutu, kwanan wata kan koma shekarun baya. Takardar shaidar da shafin intanet ke nunawa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka kwamfutar da ke zaton shekara goma baya ake ba za ta yarda da ita ba. Gyara agogo, ka sake gwadawa. Akwai wasu dalilan, amma wannan ne mafi arhar dubawa. Mai Windows 7 kuma ya sani cewa Python 3.8 ne na ƙarshe da ke hawa kanta.

Haruffa masu ƙugiya

Kwamfuta lamba kawai ta sani. Kowane harafi lamba ce, kuma akwai tsare-tsare daban-daban na wace lamba ce wane harafi. Tsohon tsarin Windows na yammacin Turai, cp1252, gurbi 256 kacal gare shi. Ya san é da ç na Faransanci, bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, shi ya ɗauke su duka, yana ba kowane harafi mai ƙugiya lamba biyu a jere.

In aka rubuta fayil da UTF-8 aka karanta shi da cp1252, lambobin nan biyu sai su fito a matsayin haruffa biyu. Shi ya sa “ƙasa” ke komawa “Æ™asa”. Babban Ɓ ma ya fi tsanani: lambarsa ta biyu, 0x81, ba ta da gurbi ko kaɗan a cp1252, sai shirin ya tsaya da `'charmap' codec can't decode byte 0x81`. Maganin shi ne duk lokacin da za ka buɗe fayil ka faɗi tsarinsa: `open("hira.txt", encoding="utf-8")`.

Akasin haka ma na faruwa. Abokin aiki ya turo fayil daga Benin da aka ajiye da Excel a tsohon tsari. Shi pandas UTF-8 yake zato, yana isowa kan é ɗin Ségbana sai ya ce `'utf-8' codec can't decode byte 0xe9`. Lambar nan 0xe9 ita ce é a cp1252, wato saƙon da kansa ya gaya maka tsarin da aka yi amfani da shi. Ka ƙara `encoding="cp1252"`. In za ka fitar da sakamako don wani ya buɗe a Excel, yi amfani da `encoding="utf-8-sig"`, ƙugiyoyinka za su isa lafiya.

Ka tuna kuma rubutun Hausa kansa ya bambanta: Nijar na rubuta ƴa, Najeriya na rubuta 'ya. A wurin kwamfuta kalmomi biyu ne. Ka daidaita su kafin ka fara ƙirga.

Kuskuren da ba ya kuka

Duk waɗanda muka lissafa suna da kirki, don suna tsayar da kai. Mai haɗarin shi ne wanda aiki ke tafiya sumul, lissafi kuma ya lalace.

Masu Faransanci da waƙafi suke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. Darajar sefa a kan yuro tsayayya ce: yuro ɗaya sefa 655.957 a rubutunmu na Najeriya. A Gaya ko Malanbil 655,957 za a rubuta. Ɗan Najeriya, ko shirin da aka saita da tsarin Najeriya, zai karanta sefa dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya. Tunda waƙafi ya tafi wannan aikin, Excel ɗin Faransanci da waƙafi mai ruwa yake raba bayanai a fayil ɗin CSV. In ka buɗe shi yadda ka saba, ko dai komai ya cushe a layin tsaye guda, ko ka ga `Error tokenizing data`.

Sai dubbai. A ƙa'ida da tazara suke raba su, amma mutane da yawa ɗigo suke sawa. A ce mai tattara maka farashi ya rubuta buhun gero 25.000, yana nufin sefa dubu ashirin da biyar. Shi pandas zai karɓa a matsayin 25, ba ƙorafi, ba jan rubutu. Ka haɗa da farashin Kamba, ka zana hoto, ka rubuta a kundinka cewa hatsi ya fi arha a tsallake nesa ba kusa ba. Ga yadda ake faɗa masa gaskiya tun farko:

`pd.read_csv("gaya.csv", sep=";", decimal=",", thousands=".", encoding="cp1252")`

Kwanan wata ma haka. Najeriya da Nijar da Benin duk da rana suke farawa, 03/04/2024 uku ga Afrilu ke nan. In ba ka ce komai ba, pandas kan bi salon Amurka ya ɗauka huɗu ga Maris ne. Ga mai kwatanta farashi kafin buɗe iyaka da bayan buɗewa a Maris ɗin 2024, wannan kaɗai ya isa ya jefa kasuwar bayan buɗewa cikin ta lokacin rufewa. Ka rubuta tsarin ƙarara: `pd.to_datetime(df["rana"], format="%d/%m/%Y")`.

Akwai ma wanda babu umarnin da zai kama shi. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa 5 ce. In ɗan kasuwa ya ce “ɗari”, sefa 500 yake nufi. Tiya da mudu su ma ba lallai su zo daidai ba. Wannan sai ka koma wurin wanda ya cike takardar ka tambaye shi: abin da aka faɗa ka rubuta, ko ka juya shi zuwa sefa?

Kafin ka fara lissafi

Da zarar ka ɗora fayil, yi abu uku. `df.head()` zai nuna maka layuka biyar na farko, ka gani da idonka. `df.dtypes` zai gaya maka ko farashi ya shigo a matsayin lamba ko rubutu. `df.describe()` zai ba ka mafi ƙanƙanta da mafi girma. A nan sanin kasuwa ke aiki: duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san babu buhun sefa 25.

In matsala ta gagare ka, rage ta. Ɗauki layi goma daga fayil ɗin, da layin umarni uku ko huɗu da ke jawo ta. Sau da yawa a nan za ka gano bakin zaren. In ba ka gano ba, kwafi layin ƙarshe na saƙon yadda yake ka nema a intanet. Idan za ka tambayi wani, ko mutum ko manhajar ƙirƙirarriyar basira, ka haɗa da lambar Python ɗinka, irin kwamfutarka, umarnin da ka rubuta da cikakken saƙon. “Ba ya yi” ba ta isa a taimake ka ba. Ka cire sunaye da lambobin wayar mutanen da ka yi hira da su kafin ka tura wa kowa fayil.

Ranar da komai ya tashi daidai, rubuta `python -m pip freeze > requirements.txt`. Zai adana sunan kowane ƙunshi da lambarsa. Ka ajiye shi tare da foldar kaya da ainihin fayilolin da ba a taɓa ba, a filashi da wani wuri na biyu. In kwamfutar ta mutu ana saura wata ɗaya ka kare kundinka, da waɗannan ukun za ka tayar da aikin a kan wata cikin yini guda.