Zaurukan da doka ba ta san da su ba: abin da wata mashayar Landan ke tuna wa Argungu da Birnin Kebbi

A watan Afrilun 2015 wani kamfani ya rushe Carlton Tavern, wata tsohuwar mashaya a Landan, ba tare da izini ba. Majalisar yankin Westminster ta tilasta masa ya sake gina ta yadda take, ba ƙari ba ragi, aka kuma buɗe ta a 2021. Mutanen unguwar sun tsaya kai da fata ne saboda nan ce matattararsu. A Ingila, ƙungiyar CAMRA da aka kafa a 1971 tana da kundin mashayun da cikinsu bai sauya ba, har da katakon bango da kujeru.

Kebbi na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, don haka mashaya ba ta da wannan matsayi a nan. Zaure ne ke da shi. A zaure malam ke ba da karatu, mai unguwa ke sasanta rikicin gona, a nan ake neman aure, a nan ɗan takara ke durƙusawa gaban dattawa kafin ya hau mumbari.

Darajar tsohon zaure tana cikinsa. Magina kan ɗora tubalin ƙasa, su jera azara ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba, su ɗaure bakan gizo ya riƙe rufi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Kaurin bangon ne ke sa cikin ya yi sanyi a zafin Afrilu. Amma ginin ƙasa yana son yaɓe bayan kowace damina, masu wannan sana'a kuwa suna ƙaranci. Idan gado ya faɗo hannun magada da yawa, zauren da ke bakin titi shi ake fara mayarwa shago, a sa bulo da kwano. Da wuya a zarge su, kuɗin haya ba abin rainawa ba ne.

Abin da ya tsira yawanci na sarauta ne. Gidan Tarihi na Kanta a Argungu fadar Sarkin Kabi ce har zuwa 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga kundin UNESCO a 2016. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana kare ginin da gwamnatin tarayya ta ayyana ne, irin su kufan Surame, tsohon birnin Kanta. Zauren malami ko na attajiri a tsohon garin Birnin Kebbi, komai shekarunsa, mai shi na iya tashi da safe ya sa a rushe.

Kundin CAMRA ma ba doka ba ne. 'Yan sa-kai ne suka bi gari-gari suna dubawa suna rubutawa, daga baya ya zama hujjar da ake kai wa hukuma idan an zo rusau. Irin wannan aiki a Argungu ko Birnin Kebbi na bukatar wayar ɗaukar hoto, izinin mai gida, da dattijon da zai faɗi wanda ya gina zauren da kuma zamanin wane sarki.