FILIN MANOMA: ME KIFI KE CI?

Jama'a, a wannan mako za mu bar gona mu gangara bakin ruwa. Tun da aka gina madatsar Tomas a 1976, mutanen ƙasar Ɗanbatta da yawa sun haɗa noma da su. Amma sau da yawa sai ka ga mutum ya yini da fatsa, ya koma gida hannu wofi, ya ce ruwa ba kifi. Kifi kuwa yana nan. Abin da ya faru, ya ba shi abin da ba ya ci ne, ko kuwa a lokacin da ba ya ci.

A Ingila masu fatsa sukan ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, don su yaudari wani kifi da suke kira taraut. Wannan kifin ruwan sanyi ne, ba ya zama a ruwanmu. Amma dabararsu ta shafe mu, wato ka san abincin kifi tukuna, kāna ka jefa ƙugiya.

Mu fara da tarwaɗa. Ita ba ta da zaɓe. Tana cin tana, da ƙwari, da 'ya'yan kwaɗi, da ƙananan kifi, har da mushe. Tana da gashin baki guda 8, da su take laluben abinci a ƙasan ruwa, don ba ta dogara da ido ba. Saboda haka ta fi kiwo da dare. To, mai neman tarwaɗa sai ya sa tana ko hanjin kaza, ya bar ƙugiya ta kai ƙasa, daga magariba zuwa asuba.

Karfasa kuwa dabam take. Da rana take kiwo, a gefe inda ruwa ba zurfi. Abincinta gansakuka ne, da ganye mai laushi, da 'yan ƙwayoyin da ke sa ruwa ya yi kore. Bakinta ƙarami ne, don haka ƙaramar ƙugiya ake sa mata, da ɗan guntun tana ko ƙullin dussa.

Sai kuma maganar lokaci. Jikin kifi yana bin zafin ruwa ne. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ruwa yakan yi sanyi, kifi ya rage ci, sai rana ta take. Da farkon damina kuwa, sa'ad da shinge ya tashi, ruwa ya kwaso ƙwari daga gonaki, ci yakan ƙaru. In ka kama kifin fari, fede cikinsa ka duba. Abin da ka gani, shi za ka sa.

Mai kiwon tarwaɗa a kududdufi, ka lura: in ta ji yunwa takan cinye 'yan'uwanta. Ka riƙa ware manya daga ƙanana, ka ba su abin da za su cinye nan take, don saura yana ɓata ruwa.

Ga gargaɗi biyu. Na ɗaya, uwar karfasa a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe. In ta faɗa komarka, ka ga ƙwai a bakinta, sake ta, kifin baɗi ne ke nan. Na biyu, masu lambu, kada ku wanke tankin feshi a bakin ruwa. Maganin ƙwari yana kashe kifi, yana kuma kashe abin da kifi ke ci. Shanunku ma nan suke sha.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi magana a kan ƙyafe kifi don kada ya lalace kafin ranar kasuwa.