Daga Tsibiran Hawai zuwa Lakar Jazira

Baƙar lakar da Hausawan Mai Wurno da na ƙauyukan Jazira suke shuka dawa da auduga a kanta, asalinta dutse ne mai aman wuta. Kogin Nilu Shuɗi, wanda Larabawa suke kira Bahrul Azrak, shi ya kwaso ta daga tsaunukan Habasha. Kafin a gane yadda tsaunukan nan suka samu, sai an leƙa tekun Fasifik.

Ɓawon duniya ba a haɗe yake ba. Ya tsattsage kamar fasasshiyar ƙwarya, kuma kowace sakaina tana tafiya a hankali. A wasu wurare, can ƙarƙashin ɓawon, akwai inda zafi yake tasowa ya narkar da dutse. A nan za a kira irin wannan wuri murhu. Shi murhun kusan a tsaye yake, ɓawon ne yake wucewa ta kansa. Misali, idan aka ja tabarma sannu-sannu a kan garwashi, za a ga ƙuna a jere, ta fari ita ce mafi nisa da wutar.

Haka tsibiran Hawai suka samu, kamar yadda wani masani ɗan Kanada, Tuzo Wilson, ya bayyana a 1963. Ɓawon Fasifik yana matsawa arewa maso yamma da santimita 7 zuwa 10 a shekara. Narkakken dutse yakan huda shi ya taru har ya zama tsibiri, sa'an nan tsibirin ya gusa, wutarsa ta mutu, wani ya fito a bayansa. Tsibirin Kawai ya kai shekara miliyan 5, amma babban tsibirin Hawai, inda har yanzu wuta take fita, bai cika miliyan ɗaya ba.

A Habasha kuwa murhun yana ƙarƙashin tudu ne, ga shi kuma ɓawon Afirka ba ya sauri. Saboda haka ba a sami jeri ba, sai tuli. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, narkakken dutse ya malala hawa-hawa, kaurinsa ya kai kilomita 2 a wasu wurare. Ko tafkin Tana, inda kogin ya faro, irin wannan malala ce ta datse ruwansa. Ruwan damina ya yi ta zaizayar baƙin dutsen, ambaliya tana shimfiɗa ɓarɓashinsa a filin Jazira shekara dubbai, tun kafin mutanen Sarkin Musulmi Attahiru su sauka a bakin kogin bayan yaƙin Burmi na 1903.