An Sallame Ni Ba Notis: Tsakanin Maganar Gari da Maganar Doka

A masana'antun Bompai da Sharaɗa da ke Kano, da zarar an sallami ma'aikaci sai ka ji abokan aikinsa na cewa, "Ai dole su ba ka notis ɗin wata guda." Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma ba kowa ta shafa ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ɗora tsawon notis a kan daɗewar mutum a wurin aiki. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana 1 ne hakkinsa. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Sai wanda ya cika shekara 5 ne ke da wata guda. Wannan shi ne mafi ƙaranci, idan takardar ɗaukar aikinka ta ba ka fiye da haka, ita za a bi. Notis ɗin mako guda zuwa sama kuwa dole ya zama a rubuce, "kar ka zo gobe" da manaja ya faɗa a bakin ƙofa bai wadatar ba.

Gaskiya ne ana iya biyan mutum kuɗi a madadin notis. Haka kuma babban laifi irin na sata na iya jawo kora nan take, amma fa sai an ba ma'aikacin takardar tuhuma (kwairi) ya kare kansa.

Inda aka fi ruɗa mutane shi ne zancen "mai kamfani na da ikon korar wanda ya ga dama ba dalili." Da can haka kotuna suke kallon abin. Amma tun gyaran tsarin mulki na 2010 da ya ƙarfafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, alƙalanta sun sha yanke hukunci cewa sallama ba dalili zalunci ne, suna dogaro da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 158. A ganina manajoji da yawa har yau ba su san an kwana an tashi ba.

Sai dai kada wanda ya ci shari'a ya ɗauka kujerarsa na jiransa. A kamfanin 'yan kasuwa galibi diyya ake ba shi. Mayarwa bakin aiki ya fi shafar waɗanda doka ce ta tsara aikinsu, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yi a 1985 a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas.

Batun cewa kora tana cinye fansho kuwa ƙarya ce tsagwaronta. A ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014 kuɗin da ke asusunka naka ne, kuma idan ka yi wata 4 ba ka sami wani aiki ba, kana iya neman kashi 25 cikin 100 daga ciki.